Daga Gidan Sauro zuwa Kusurwar Siddabaru: Yadda Za Ka Lissafa Murɗaɗɗen Girafin a Zariya

Duk shekara idan lokacin zaɓen aikin bincike na ajin ƙarshe ya zo, ba na rasa ɗalibi ɗaya ko biyu da za su shigo ofis da waya a hannu, sun ci karo da labarin girafin da aka murɗa. Bana wata ɗaliba ce. Ta gaishe ni, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, a kan wannan nake so in yi, amma an ce mini sai a Amurka." Na ce mata rabin maganar gaskiya ne. Auna na'urar yana buƙatar sanyin da ya yi ƙasa da kelbin 2 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), abin da injin sanyi na musamman kaɗai ke bayarwa. Amma fahimtar abin da lissafa shi, wannan ana iya yinsa a ɗakin haya a Samaru da kwamfutar cinya mai matsakaicin ƙarfi, muddin an bi shi daki-daki. Matsalar yaranmu ita ce gaggawa: kowa so yake ya fara daga kwamfuta. Ni kuwa da ido nake sa su fara, sannan rula, sannan kalkuleta, kwamfuta ce ta ƙarshe.

Kafin mu shiga, ga abin da ake magana a kai. Girafin shimfiɗa ce ta atam ɗin kabon mai kaurin atam guda, an jera su kamar saƙar zuma. Zuciyar fensir, wato girafayit, tarin irin waɗannan shimfiɗu ne ɗaya bisa ɗaya. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓare shimfiɗa guda da salatif a Manchesta a 2004, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Abin da ya biyo baya ya fi wannan ban mamaki. Idan ka ɗora shimfiɗa biyu, ka ɗan murɗa ta sama da kusan digiri 1.1, ilaktaron ɗin da suke tsere da gudun kusan mita miliyan ɗaya a daƙiƙa sai su yi kamar sun tsaya cik. Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Tekzas da ke Ostin suka hango haka a lissafi a 2011. A 2018 Yuan Cao da Pablo Jarillo-Herrero na jami'ar MIT ta Amurka suka auna, suka tarar da cewa abin yakan ƙi wucewar lantarki gaba ɗaya, kuma da an ɗan sauya yawan ilaktaron sai lantarki ya riƙa gudu a cikinsa ba wata turjiya, a sanyin kelbin 1.7. Wannan kusurwa ita nake kira kusurwar siddabaru, kodayake za ka gani nan gaba cewa babu rufa-ido a ciki.

Mataki na farko: ka gani da idonka

Ka ɗauko gidan sauro, ka ninka shi biyu, ka ɗaga shi wajen hasken taga. Za ka ga wasu manyan zane-zane masu duhu da haske suna yawo a jikinsa, alhali babu su a falle guda. Sunansu muware, kalmar Faransanci ce da ta fito daga wani yadin siliki mai sheƙi kamar ruwa. Telolin cikin Birni sun san abin tun kafin mu. Na taɓa nuna wa wani dattijo mai ɗinkin babbar riga wajen Ƙofar Doka, ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ai kullum muna ganinsa idan shara-shara ya hau kan ɗan'uwansa." Na ce, "Baba, to a kansa ake cin kyaututtuka yanzu." Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu ka riƙe falle ɗaya, ka juya ɗayan a hankali. Ka lura da abu guda: duk sanda kusurwar ta ƙanƙance, zanen sai ya ƙara girma. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Mataki na biyu: ka buga saƙar zuma, ka auna

Ramukan gidan sauro ba su cika daidaito ba, don haka ba a awo da shi. Ka zana saƙar zuma a kwamfuta, tazarar tsakiyar gida zuwa tsakiyar gidan da ke maƙwabtaka da shi ta zama milimita 2, layukan sirara. Wannan tazarar ita ce a. Ka je wajen masu buga takardu a Samaru ko Kongo, a buga maka kwafi biyu a kan ledar nan mai garai-garai da ake yi wa takardun bincike bango. Ka tambaya tukuna ko irin wadda ke jure zafin inji ce, don wata narkewa take yi.

Ka ɗora ɗaya kan ɗaya a bisa farar takarda, ka soke su da allura a tsakiyar gida guda. Kada ka wahalar da kanka da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafi, ba zai ba ka digiri ɗaya da kyau ba. Ka ja layi daga allurar, ka yi alama a milimita 150 a duka ledojin. Idan ka raba alamomin biyu da milimita 13, ka murɗa digiri 5 ke nan. Idan ka raba su da milimita 2.9, digiri 1.1 ne.

Za ka ga tabo-tabo masu haske a jere, su ma a tsarin kusurwa shida. Wuraren haske su ne inda gidajen sama suka hau daidai kan na ƙasa, ana kiransu AA. Wuraren da suka fi duhu su ne inda atam ɗin sama ya faɗa tsakiyar gidan ƙasa, su ne AB da BA, irin zaman da girafayit ke yi a halittarsa. Ka auna daga tabo mai haske zuwa na kusa da shi. Wannan ita ce L, kuma idan θ ita ce kusurwar da ka murɗa, ƙa'idarta ita ce

L = a ÷ [2 sin(θ/2)]

A digiri 10 ya kamata ka samu milimita 11.5, a digiri 5 milimita 23, a digiri 2 milimita 57, a digiri 1.1 kuwa milimita 104, wato tabo biyu ne kacal za su shiga faɗin takardar.

A nan na taɓa cin karo da abin da ya koya mini darasi. Karon farko da na yi wannan, tabon sun fito a karkace, sun miƙe ta gefe guda kamar ƙwai. Na kwana biyu ina zargin lissafina. Ashe yaron shagon ya buga ɗaya, inji ya tsaya, ya koma wani injin ya buga ta biyu, ya kuma bar shi ya daidaita zanen da girman takarda, sai ta ɗan miƙe da abin da ido ba ya gani. Na ji haushi a ranar, amma yanzu da gangan nake sa a buga mini irin wannan ta uku. Dalili kuwa shi ne haka ainihin girafin yake yi a ɗakin gwaji: shimfiɗa ɗaya takan ɗan ja fiye da 'yar'uwarta, kuma muware yakan ninka wannan ƙaramin ja ya mai da shi babba. A digiri 1.1 ninkin ya kai sau hamsin da wani abu. Idan ka ga masu bincike suna kukan cewa na'urori biyu masu kusurwa ɗaya sun ba da sakamako daban, wannan na cikin dalilan.

Mataki na uku: ka koma ga girman gaske

Yanzu ka cire milimita 2 ka sa a na girafin, nanomita 0.246. Ka tabbatar kalkuletarka tana kan digiri, ba radiyan ba. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a takardun da nake dubawa. A digiri 1.1 za ka samu L = nanomita 12.8.

Faɗin gida guda na muware shi ne 0.866 × L², wato kusan murabba'in nanomita 142. Yawan atam a cikinsa kusan 4 × (L/a)² ne, dubu goma sha ɗaya ba kaɗan. Akwai kusurwoyi na musamman da zanen ke maimaita kansa daidai-wa-daida. Idan m lamba ce cikakkiya, to cos θ = (3m² + 3m + ½) ÷ (3m² + 3m + 1), yawan atam kuma 4 × (3m² + 3m + 1). Ka gwada m = 1: digiri 21.8, atam 28. Ka gwada m = 31: digiri 1.05, atam 11,908. Ka ajiye wannan lamba ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Sai lamba mafi amfani. Kowane gidan muware yana ɗaukar ƙarin ilaktaron huɗu kafin ya cika, ko a cire masa huɗu kafin ya zama wayam. Huɗun sun fito ne daga juyin ilaktaron iri biyu da kuma kwari biyu na girafin, wato wurare biyu na musamman a zanen kuzarinsa, K da K′. Ka raba 4 da faɗin gidan: ilaktaron 2.8 × 10¹² a kowane murabba'in santimita. Idan aka yi amfani da silikon mai rufin gilashi na nanomita 300 a matsayin ƙofar cajin, wato farantin da ake ba bolt don ƙara ko rage ilaktaron, kowane bolt yana tura kusan 7.2 × 10¹⁰, ke nan bolt 39 ya isa ya cika gidan. Wannan shi ne abin da ya sa masana suka yi rububin fagen. A sauran kayan da ke gudun lantarki ba turjiya, kamar dangin kufret masu tagulla, sai an sake dafa sabon sinadari kafin a canza yawan ilaktaron. A nan maɓalli kawai ake murzawa. A gwajin 2018, toshewar lantarki ta bayyana ne a rabin cika, wato ƙarin ilaktaron biyu ko ragin biyu a kowane gida, gudun ba turjiya kuma ya fito a gefen ragin biyun.

Mataki na huɗu: ka nemo kusurwar da kanka

A nan naman yake, don haka mu zauna.

A cikin kowane daskararren abu, ilaktaron ba ya ɗaukar kuzarin da ya ga dama. Akwai zangon kuzari da aka yarje masa, akwai wanda aka hana shi. Idan ka zana kuzari a tsaye, lambar igiya k a kwance, gangaren layin shi ne gudun ilaktaron. Layi mai tsananin gangare, gudu mai yawa. Layi a baje, babu gudu. A girafin guda, kusa da K, zanen kamar mazurari biyu ne da suka haɗa baki a tsini, shi ake kira mazurarin Dirak.

Da ka murɗa shimfiɗa ta biyu, mazurarinta sai ya matsa daga na farko da tazarar kθ = 2K sin(θ/2), inda K = 4π ÷ 3a = 17.03 a kowane nanomita. Daga nan kokawa ce tsakanin kuzari biyu. Na farko shi ne ħv × kθ (v gudun ilaktaron ne a girafin guda, ħ kuma tsayayyiyar lamba ce ta kimiyyar lissafin atam), wanda ke raguwa idan kusurwa ta ragu. Na biyu shi ne w, ƙarfin tsallaken ilaktaron daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, wanda Bistritzer da MacDonald suka ɗauka a matsayin 0.110 eV (eV ma'aunin kuzarin ilaktaron ne), kuma babu ruwansa da kusurwa. A babbar kusurwa na farko ya danne na biyu, kowace shimfiɗa tana harkarta kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Da kusurwa ta ƙanƙance sai su zo kunnen doki. Ka raba su:

α = w ÷ (ħv × kθ)

sabon gudun kuma, wato v*, a kimantawar farko, shi ne

v*/v = (1 − 3α²) ÷ (1 + 6α²)

Ka ɗauki ħv = 0.575 eV·nm, wanda ke fitowa daga tsallaken 2.7 eV tsakanin atam maƙwabta masu tazarar nanomita 0.142. Ka zauna da biro ka yi da kanka. A digiri 5 za ka samu α = 0.13, gudun ya koma kashi 86 cikin ɗari. A digiri 2, α = 0.32, saura kashi 43. A digiri 1.5 saura kashi 21. A digiri 1.2 saura kashi 5. A wajen digiri 1.12, inda 3α² ya zama 1, gudun ya mutu. Ka ga siddabarun ke nan: wurin da saman rabon ya koma sifili.

Yanzu ka sake lissafin da v = mita miliyan ɗaya a daƙiƙa, wato ħv = 0.658. Kusurwar za ta koma digiri 0.97. Ɗalibar nan da ta ga haka ta dawo a rikice ta ce, "Malam, to wanne ne daidai?" Na ce duka biyun, domin ba kusurwar ce ke da siddabaru ba, α ne. Duk abin da ya taɓa w ko v zai matsar da kusurwar. Hujja kuwa tana nan: a 2019 masu bincike a Jami'ar Kolombiya sun matse na'ura mai digiri 1.27 da matsi mai ƙarfi, shimfiɗun suka ƙara kusantar juna, w ya ƙaru, gudun ba turjiya ya bayyana a kusurwar da da can babu shi. Haka nan a shimfiɗa uku da aka murɗa ta tsakiya, kusurwar takan ninku da √2, ta koma wajen digiri 1.56, kamar yadda aka auna a MIT da Habad a 2021. Ɗalibin da ya rubuta "1.1" a aikinsa bai faɗi w da v da ya ɗauka ba, a wurina bai gama ba.

Me ya sa tsayawar ilaktaron ke haifar da abin mamaki? Ka lissafa ƙarfin turereniyar da ke tsakanin ilaktaron biyu masu tazarar L: 1.44 eV·nm ÷ (ε × L). Idan ε, wato yadda abin da ke kewaye yake rage turereniyar, ya zama 5, kwatankwacin na boron naitirayid da ake lulluɓe na'urar da shi, za ka samu kusan 22 meV (meV kashi ɗaya ne cikin dubu na eV). Faɗin zangon da ya baje kuwa, a wannan lissafi, bai wuce 10 meV ba. Turereniya ta fi gudu ke nan. Ka tuna Kwangila da yamma: idan hanya a buɗe take, kowane direba tafiyarsa yake yi. Da cunkoso ya kama, motsin kowa ya rataya a kan na kusa da shi, wani lokaci a cije baki ɗaya, wani lokaci kuma a zame tare. Misalin ya tsaya a nan, don har yau masana ba su daidaita a kan ainihin abin da ke haɗa ilaktaron bibbiyu a wannan na'ura ba.

Sannan ka kwatanta da zafi. A kelbin 300, wanda Zariya ke wucewa a watan Afrilu ba tare da neman izini ba, kuzarin zafi 26 meV ne, ya isa ya shafe komai. A kelbin 1.7 kuwa 0.15 meV ne kacal. Ruwan naitirojin yana tsayawa a kelbin 77, bai ko kama hanya ba.

Mataki na biyar: kwamfuta

Sai yanzu. Python da NumPy da Matplotlib sun wadatar, kuma duk kyauta ne.

Ka fara da shimfiɗa guda: matiriks mai layi biyu da ginshiƙi biyu, tsallake 2.7 eV. Idan mazurarin Dirak bai fito a K ba, kada ka matsa gaba.

Kada ka yi gigin jefa atam 11,908 ɗin nan cikin matiriks guda. Ajiye shi kawai zai cinye gigabait 2.3, kuma sai ka warware shi a kowace k. Kafin ya gama an ɗauke wuta sau uku. Hanyar Bistritzer da MacDonald ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka gina ragar k ta muware, ka ɗauki zobe biyar kewaye da tsakiya, ɗigo 91 ke nan. Kowane ɗigo yana da gurbi huɗu, shimfiɗa biyu sau atam iri biyu, matiriks ɗin ya zama 364 sau 364. A kan layin tsakiya ka sa mazurarin Dirak na kowace shimfiɗa. Ka haɗa shimfiɗun da tsallake uku, q₁ da q₂ da q₃, kowanne tsawonsa kθ, tsakaninsu digiri 120, kowanne da ƙaramin matiriks ɗinsa mai ɗauke da w da juyin digiri 0 ko 120 ko 240. Ka ba numpy.linalg.eigvalsh ya warware, ka bi hanyar K zuwa Γ (tsakiyar gidan ragar k) zuwa M (tsakiyar gefensa) ka dawo K da ɗigo ɗari ko ɗari biyu. Minti ɗaya ko biyu ne aikin.

Gwaji uku nake nema kafin in kalli zanen kowa. Ka sa w = 0, ka ga mazurarai sun dawo lafiya. Ka sa digiri 5, ka ga gudun ya yi kusa da kashi 86 da ka samu da biro. Ka ƙara zobe ɗaya, ka ga zangon tsakiya bai motsa ba. Kuma ka duba da kanka cewa matiriks ɗin daidai yake da juyayyen abokinsa, domin eigvalsh rabinsa kawai yake karantawa, ba zai gaya maka ka yi kuskure a ɗaya rabin ba. Zai ba ka zane mai kyau na ƙarya.

Idan wannan ya zauna, ga inda aikin bincike yake. A zahiri shimfiɗun ba sa zama a sandare. Zaman AB ya fi musu daɗi, sai wurarensa su faɗaɗa, na AA su tsuke su ɗan kumbura. Saboda haka w ya kasu biyu. Mikito Koshino da abokan aikinsa a 2018 sun ba da kusan 80 meV ga AA da 98 meV ga AB. Ka sa su, za ka ga giɓi ya buɗe tsakanin zangon da ya baje da na samansa da na ƙasansa, abin da gwaji ma ya nuna. Ka riƙa rage na AA har sifili, zangon zai baje sarai a α = 0.586, kamar yadda Tarnopolsky da Kruchkov da Vishwanath suka nuna a 2019. Zanen faɗin zango a kan kusurwa, da rabon w iri uku ko huɗu, ya isa aikin ajin ƙarshe mai mutunci.

Abin da ake yi a ɗakin gwaji, don ka iya karanta rahotanninsu

Ana ɓare girafayit da salatif a manna a kan silikon mai rufin gilashi na nanomita 285 zuwa 300, kaurin da ke sa a iya hango falle guda a madubin ƙara girma, duk da cewa kashi 2.3 cikin ɗari na haske kawai yake sha. Fensir ba ya yi, don an cakuɗa shi da yumɓu. Sai a ɗauki boron naitirayid da ɗan tambarin roba mai danƙo. Mafi yawansa daga hannun Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi na Tsukuba a Japan yake fitowa, shi ya sa za ka ga sunayensu a kusan kowace takarda. A ɗora shi a kan rabin girafin ɗin, a ɗaga, ya yage. A juya teburin, a ɗauki sauran rabin. Da yake daga falle guda suka fito, kusurwar da aka juya ita ce kusurwar da ke tsakaninsu. Rukunin Emanuel Tutuc a Ostin ne suka bayyana dabarar a 2016. Akan zarce kaɗan, a juya 1.2 ko 1.3, saboda shimfiɗun kan zame su nufi sifili, musamman idan sun ji zafi.

Kusurwar da za ka gani a rahoto ba daga teburin aka karanta ta ba. Suna duba bolt ɗin da gidan ya cika, su mai da shi yawan ilaktaron, su samo faɗin gida, daga nan L, daga nan θ. Mataki na uku ne aka bi ta baya. Aikin da na ba ɗalibar nan na wannan mako ke nan: an ce gida ya cika a 2.5 × 10¹², ta kawo mini kusurwar ranar Litinin, da biro.